Na'a-na'ar Bayan Shingen Coci

Mutanen da ke sallar Juma'a tare da Injiniya Rilwanu a Woodbridge sun daɗe da sallama masa a kan hira. Ka gaishe shi ya amsa, ka tambayi iyali ya ce lafiya lau, kafin ka lalubo magana ta uku ya riga ya zura takalmi. Abu ɗaya ne ke kwance masa baki, wato jirgin ƙasa. In tsautsayi ya sa ka taɓo wannan, to ka nemi wurin zama, don sai ka ji faɗin dogo da nauyin tarago da dalilin da ya sa ba a gina tasha a kan kwana, ko da abincinka na hucewa.

Gado ne. A Ƙauran Namoda aka haife shi, inda dogo ya ƙare, a kwatas ɗin reluwe. Mahaifinsa shi ke jan ƙarfen nan da ke raba wa jirgi hanya. Tsohon yana da wata magana da yakan faɗa in ya kama 'ya'yansa suna wasa a kan dogo, yana murɗe musu kunne: "Jirgi ba ya kauce wa kowa. Duk kaucewar da zai yi, wanda ya shimfiɗa dogon ne ya yi masa ita tun farko." Sauran yaran zafin kunnen kawai suka riƙe. Rilwanu ya riƙe maganar, ya tafi da ita Zariya ya karanta aikin injiniya, ya ƙetaro da ita Amurka ƙarin karatu, daga nan bai koma ba.

A Lanham suka fara zama shi da amaryarsa Rumasa'u, a wani ɗan ciki da falo da ke saman shagon wanki. Nan aka haifa musu 'yar fari, aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Sharifa. To ka ga kunya biyu ta haɗu a kan jaririya ɗaya, ga ta ɗan fari, ga ta sunan uwa. Rilwanu bai taɓa furta sunan ba. In zai tambaya sai ya ce, "Yarinyar nan ta yi barci?" Rumasa'u ta ce, "Ta yi." A gaban baƙi ba ya ɗaukarta. Sai ya ga ba kowa, ya lallaɓa bakin gadonta ya miƙa mata ɗan yatsa ta damƙe. Son da yake mata har tsoro yake ba shi, amma da ya ji motsi sai ya zare hannunsa ya kama gyaran labule.

Ba ta kai ga zama ba. Da ciwon zuciya aka haife ta, kuma a tsakiyar sanyin shekarar Allah Ya karɓi abarSa.

Wanda ya tsaya musu a ranar shi ne Alhaji Masawudu, wani direban tasi mutumin Kumasi, wanda a lokacin shi ne uban duk wani baƙon Musulmi a unguwar. Maƙabartar Musulmi da nisa, ƙanƙara ta toshe hanya, ga shi ba a son gawa ta kwana. Amma Masawudu yana da amana da wani tsohon fasto na wata ƙaramar cocin baƙaƙen fata, wanda ya bar wa Musulmi wani siririn fili a bayan shingen maƙabartarsu, suna rufe jarirai. Can aka kai ta. Rilwanu ya zauna a bayan tasi kansa a sunkuye tun daga gida har wurin, da aka sauka kuma ya tsaya can baya kamar wanda ya zo rakiya. Abin da idonsa ya riƙe bai wuce jar ƙofar cocin ba.

Da aka gama, Masawudu ya zo yana kakkaɓe hannu. "Yarona, mu sa dutse da suna? Nan ba gida ba ne fa. Ciyawar ƙasar nan tana cin kabari."

"A bar shi haka, Alhaji. Allah Ya san inda take."

Mutane suka yi ta yaba masa, ana cewa yaro ne amma akwai tawakkali. Ni kuwa abin da na gani daban ne. Kunyar ɗan fari a gida ba rashin so ba ce, kuma ba ta cutar da yaro, domin akwai masu karɓa. Uba ya kawar da kai, kaka ta ɗauka ta yi ta kirari, goggo ta goya, kawu ya san kabari in ta Allah ta kasance. Rilwanu ya ɗauko kunyar cif da cif daga Ƙaura, ya baro masu karɓar a can.

Bayan shekara biyu aka haifi Aminu, suka tattara suka koma Woodbridge, can ƙetaren kogi. Kowa ya san shi da Baban Aminu. In Rumasa'u ta ƙwala wa yaron kira a taron suna, matan Kano su taɓa juna: "Kun ga Turawa, sunan ɗan fari gatsau." Sai ta yi murmushi ta bar su. Gara a ce mata marar kunya da ta buɗe baki ta ce akwai wata kafinsa. Aminu ya girma har ya fara aiki bai san yana da yaya ba. Wani abu kuma da bai taɓa tambaya ba, uban ma bai tambaya ba, shi ne dalilin da ya sa duk son shayin Rumasa'u ba a sa na'a-na'a a gidan. Ko baƙo ya kawo tsaraba, sai ta ba maƙwabta.

Shekara kusan talatin Rilwanu yana bin jirgin safe zuwa Washington, yana aiki a wani kamfanin da ke zana wa hukumomi hanyoyin jirgi. Ya zana ƙananan abubuwa da yawa, gada a nan, gyaran kwana a can. Sai da furfura ta cika masa gemu sannan babban aikin ya zo: sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai fita daga birni ya ratsa unguwannin gabas har wajen Lanham. Aka ba shi yankin ƙarshe, tasha uku da ramin da zai haɗa su.

Ya shiga aikin kamar mayunwaci. Ramin jirgin ba shi da wuyar sha'ani, injin ne ke cinsa can ƙasa sosai, na sama ba ya ko jin motsi. Tasha ce matsala. Ita daga sama ake yanko ta, a buɗe ƙasa kamar an kwaye tukunya, tsawon tarago takwas a miƙe sambal, a zuba kankare sannan a rufe. Duk abin da ke wurin sai ya tashi. Zanen farko ya ɗora tashar tsakiya a kan wasu gidaje da wani shagon aski. Rilwanu ya halarci taron jama'ar unguwa, ya ga wata tsohuwa tana kuka a kan gidanta, ya dawo ya kwana biyu a kan taswira. Ya dinga jan layin a kwamfuta kaɗan-kaɗan har tashar ta sauka daga kan gidajen ta faɗa wani fili da ba kowa, kore shar a hoton sama, tsakanin wani wurin fakin na motoci da shingen wata coci. Ba gida, ba bututun gas, ba ruwa a ƙasa. Shugabansa Raymond, wani dogon Ba'amurke mai dariya da ƙarfi, ya buga masa kafaɗa a gaban kowa ya ce wannan zane a sa shi a firam a rataye a bango.

Yadda bai gane wurin ba, ba abin mamaki ba ne. A taswira kowane fili kore ne, kuma shi bai taɓa sanin sunan titin ba.

Da bazara ta shigo suka je ganin wurin da ido, shi da Raymond, da hular kwano da riga mai ƙyalli. 'Yan safiyo sun riga sun kafa 'yan tutoci ja a inda za a huda ƙasa a ɗebo samfur. Rilwanu ya taka cikin filin, sai wani ƙamshi ya taso daga ƙarƙashin takalminsa. Ba ciyawa ba ce. Na'a-na'a ce, malala guda, tun daga shinge har bakin kwalta. Raymond ya tsinki ganye ya shinshina yana dariya, ya ce tasharsu za ta fi kowace ƙamshi. Rilwanu ya ɗaga kai zai ba shi amsa, sai idonsa ya faɗa kan ƙofar cocin. An sake mata fenti, amma ja ce.

Ya dubi tutocin, ya dubi shingen, ya nemi inda ya tsaya a waccan ranar ya rasa. Raymond na ta magana a kan inda matakala za ta fito.

Daga ranar ƙamshin ya bi shi. Ya wanke takalmin, ya bar shi a gareji, amma a cikin jirgin safe sai ya ji shi a hannun rigarsa. In ya buɗe zanen a ofis, dogon akwatin tashar ya koma masa wani abu dabam, ya rufe da sauri. A sujada yakan ji kamar an damƙe masa ɗan yatsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ba na aljani ba. Yana tsoron ƙarfen da za a zura a ƙasar nan ranar Litinin ta sama, yana kuma tsoron bakinsa.

Ya fara neman hanyar da zai kauce ba tare da ya yi magana ba. Ya ce da Raymond yana shakkar ruwan ƙasa a wurin. Raymond ya buɗe masa rahoton da shi Rilwanun ya rubuta da hannunsa cewa ba ruwa. Ya ce kwanar da ke gaban tashar ta yi tsauri. Aka nuna masa lissafinsa, ba ta yi ba. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, don ya yi aikin da kyau har ya toshe wa kansa kowace ƙofa. Daga ƙarshe ya ce, ai kusa da maƙabarta ne, ya kamata a bincika.

"An bincika," in ji Raymond. "Masu binciken tarihi sun je. Kaburburan cocin duk suna cikin shinge, kowanne da dutsensa. Waje ba komai." Ya cire tabarau ya dube shi. "Sai dai in ka san wani abu da ba mu sani ba. In akwai mutum a ƙasar nan, yau zan tsayar da komai. Amma sai wani ya ce akwai, ya ce wane ne."

Rilwanu ya buɗe baki. Mutumin da ya sha tsayawa a gaban jama'a yana gaya musu gidansu zai tashi, ya kasa haɗa kalma uku. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya ce zai sake dubawa, ya fita.

Masawudu ya daɗe da komawa Kumasi, can ya rasu. Tsohon faston ma ya mutu. Ranar Alhamis Rilwanu ya bar ofis da azahar ya tafi cocin shi kaɗai, ko zai sami wanda zai faɗa a madadinsa. Ya tarar da wata dattijuwa mai suna Constance tana shirya furanni, ita ke riƙe da makullan wurin. Ya tambaye ta filin baya.

Ta ce ta ji ana cewa tsohon fasto ya taɓa barin wasu baƙi su rufe 'ya'yansu a can, amma ita ba ta gani ba, ba za ta rantse ba. "Abin da na gani da idona mace ɗaya ce. Duk bazara takan zo da lulluɓinta da ledar cefane, ta zauna a ƙasa. Ba ta kuka, ba ta magana. Shekarun baya can na gan ta tana shuka na'a-na'a a wuri ɗaya. Na ce mata, 'yar'uwa, ki sa ta a tukunya, wannan ganyen ba ya zama inda aka ajiye shi. Ta yi mini godiya, ba ta sa ba. Ga shi nan ya cinye filin."

Rilwanu ya tuna yadda Rumasa'u kan ce za ta Lanham sayen daddawa da kuka, alhali akwai shagon 'yan Afirka a bayan gidansu. Takan ce na can ya fi kyau. Shekara da shekaru yana ce mata Allah Ya kiyaye hanya.

Ranar Asabar da hantsi ya same ta a kicin tana yanka kuɓewa. Ya ja kujera ya zauna, abin da ba ya yi.

"Rumasa'u, aikin nan namu, tashar da na zana." Ya tsaya. "Bayan cocin nan ta faɗa. Mai jar ƙofa."

Wuƙar ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Na ga tutocin," ta ce. "Na ga sunan kamfaninku a jikin allon. Na ce bari in ga ko za ka gane."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In ce maka me, Malam? Da wane suna zan fara?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ke kin san wurin. Ki nuna mini daidai inda take, in ja layin in kauce mata. Ba sai kowa ya ji ba."

Sai a nan ta juyo, ya ga fuskarta jiƙe. "Da na sani. Alhaji Masawudu ne ya kai ni bayan arba'in, ya nuna mini. Na shuka abin nan don kada wurin ya ɓace mini, sai shi ya ɓatar da ni. Yanzu in na je, duk inda ƙafata ta tsaya nan nake zama." Ta share ido da bayan hannu. "Kuma ba ita kaɗai ba ce a wurin. In ka kauce mata, kan ɗan wa za ka hau?"

Ta koma kan kuɓewarta, shi kuma ya zauna har ta gama.

Ranar Litinin da safe motar huda ƙasa ta riga shi isa. Ta ja da baya ta hau kan na'a-na'ar, ƙamshi ya cika wurin har ma'aikata na tari. An ɗaga dogon ƙarfen a kan tuta ta farko. Rilwanu ya ratsa ta tsakaninsu da hular kwanonsa ya tsaya a kan tutar, ya ɗaga wa direban hannu. Aka kashe inji. Raymond ya taho da sauri yana tambayar lafiya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Akwai mutane a nan," in ji Rilwanu. "Jarirai."

Raymond ya dube shi, ya dubi ƙasa. Dariyar nan tasa ta ɗauke. "Ka tabbata? Wa ka sani a ciki?"

"'Yata."

"Aminu ba shi kaɗai gare ka ba?"

"Ita ce babba."

Raymond ya cire hularsa. A hankali ya ce, "Ya sunanta?"

Rilwanu bai taɓa faɗa wa uwarsa sunan nan ba, bai taɓa faɗa wa 'yarsa shi ba, ga shi zai fara faɗarsa a gaban direban mota da 'yan safiyo. Da ya fito, muryar ba ta yi kama da tasa ba.

"Sharifa. Sunanta Sharifa. Ni ne babanta."

Aka janye motar. Bayan 'yan makonni aka kawo na'urar da ke hango abin da ke cikin ƙasa, wata aba mai taya huɗu da ake turawa kamar keken jarirai. Rilwanu ya tsaya bakin shinge yana kallon wata matashiya tana tura ta a kan na'a-na'ar, ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ya kasa ci gaba da kallo. Hoton ya nuna ƙananan ramuka goma sha ɗaya. Kaburburan cocin a jere suke da shingen, waɗannan kuwa duk a karkace, sun juya wajen alƙibla. Na'urar tana nuna rami, ba ta nuna suna.

Tashar ta koma cikin wurin fakin. Don ta samu miƙewarta, dole ramin jirgin ya yi wata 'yar lanƙwasa kafin ya shigo, kuma Rilwanu ne ya zana ta. In an gama layin, fasinja zai ji jikinsa ya ɗan karkata a daidai nan, ba zai san dalili ba. Wasu a ofis sun ce zanen farko ya fi kyau, kuma gaskiyarsu ne.

Faɗa wa Aminu ya fi faɗa wa Raymond wuya, amma an faɗa. Wata Lahadi suka je su uku. Saurayin ya tsaya a bakin filin da hannu a aljihu, yana duban 'yan farin turaku goma sha ɗaya da aka kafa cikin ganyen. Yana jin Hausa sarai, da Turanci yake amsawa, amma ranar ya lalubo ta iyayensa.

"Baba, wanne ne nata?"

Rilwanu ya dubi turakun ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗiga alama a taswira ba ya kuskure ko da faɗin yatsa, ya tsaya hannu a sake. Ya juya wajen Rumasa'u. Ita ta riga ta tuɓe takalmi ta shiga cikin na'a-na'ar, tana taka ta a hankali.

"Cire takalminka ka shigo," ta ce da ɗan. "Duk ka yi musu sallama. Tare suka zauna."